Rufin da Ya Ƙi Faɗuwa: Nazari kan Fadar Würzburg

A shekarar 1719 aka zaɓi Johann Philipp Franz von Schönborn ya zama bishop na Würzburg, wani gari da ke bakin kogin Main a yankin Frankoniya, cikin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus a yau. A wancan zamani bishop na Würzburg ba shugaban coci kaɗai ba ne. Sarki ne mai ƙasa, yana karɓar haraji, yana da sojoji da kotuna, kuma a harkar mulki babu wanda ke sama da shi sai babban sarkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamus, wanda ke Viyana. Sai dai sarautar ba a gadonta. Majalisar manyan limaman babban cocin garin ce ke zaɓen sabon bishop duk lokacin da na kan gado ya rasu, kuma sau da yawa takan ɗauko wanda halinsa ya saɓa da na wanda ya gabata. Wannan ne ya sa ginin da za mu duba ya yi ta tsayawa yana tashi har shekara 60.

Magabatan Schönborn sun shafe sama da shekara 450 suna zaune a ganuwar Marienberg, kan tudu a ƙetaren kogi. Gida ne na yaƙi, mai kaurin bango, inda bishop zai tsira ko da mutanen garinsa ne suka yi masa bore. Amma zamani ya juya. Tun da Sarki Louis na 14 na Faransa ya gina fadar Versailles, kowane mai ɗan yanki a Jamus ya koma ganin martabar sarki tana cikin fada shimfiɗaɗɗiya a fili, mai dandali a gaba da lambu a baya. Salon da ake yayi kuwa shi ne barok, wanda ya taso daga birnin Rum wajen shekarar 1600. Manufarsa a bayyane take: a haɗa gini da sassaƙa da zane da haske su zama abu guda, har wanda ya shigo ya ji ya ƙanƙance a gaban mai gida.

Schönborn ya hau gado da sa'a. A shekarar da aka naɗa shi ya ci wata shari'a da ta kawo masa gulden 600,000, wato kuɗin ƙasar na lokacin. Bai yi wata-wata ba. Ranar 22 ga Mayu 1720 aka aza harsashi.

Maginin da ya fara da zubin igwa

Wanda aka damƙa wa aikin, Balthasar Neumann, shekararsa 33, kuma bai taɓa gina abin da ya kama ƙafar wannan ba. An haife shi a 1687 a garin Eger na Bohimiya, wanda yau ake kira Cheb a Jamhuriyar Cek. Sana'ar da ya tashi da ita zubin ƙarfe ce, ƙararrawar coci da igwa. Ya zo Würzburg a 1711, ya shiga rundunar igwa, a can ya koyi lissafi da awon ƙasa da ginin ganuwa. A ganina duk labarin nan daga wannan tushe ya fito. Wanda ya saba zuba igwa ya san kuskuren awo ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin ado, ranar da aka harba kowa zai gani. Neumann ya shigo gini yana tambayar nauyi nawa bango zai ɗauka, kafin ya tambayi yadda zai ƙayatar.

Dangin Schönborn ba su sakar masa aikin shi kaɗai ba. Baffan bishop, Lothar Franz, wanda ke sarautar Mainz, ya turo magininsa Maximilian von Welsch. Ƙanen bishop, Friedrich Carl, babban jami'i ne a fadar Viyana, shi ma ya turo nasa, Johann Lucas von Hildebrandt, wanda ya gina fadar Belvedere. A 1723 aka aika Neumann birnin Faris da taswirar ginin a hannu, ya nuna wa Robert de Cotte da Germain Boffrand, manyan maginan Faransa na zamanin. Kowa ya soke abin da ya soke, ya ƙara abin da ya ƙara. Yawan masu shawara irin wannan yakan lalata gini, ya fito kamar an ɗinka shi da ƙyallaye dabam-dabam. A Würzburg hakan bai faru ba, domin akwai mutum guda da ya zauna kan aikin sama da shekara 30, yana karɓar ra'ayin Faris da na Viyana yana daidaita su da dutsen da ke gabansa.

Abin da ya fito gini ne mai tsawon kusan mita 167 da faɗin kusan mita 92, mai ɗakuna sama da 300, an yi fuskarsa da dutsen yashi mai ɗan rawaya. Ta wajen gari fikafikai biyu sun miƙo sun rungume farfajiyar karɓar baƙi. Ta wajen lambu kuwa fuska ɗaya ce doguwa, babban zaure ya kumburo a tsakiyarta.

Wanda ya fara ginin bai kwana a cikinsa ba. Ya rasu a 1724, talakawansa kuma ba su yi kewarsa sosai ba saboda nauyin harajin da ya ɗora musu. Magajinsa, Christoph Franz von Hutten, ya ja wa aikin birki. A 1729 aka zaɓi Friedrich Carl, sarauta ta koma gidan Schönborn, aiki ya tashi gadan-gadan: an keɓe cocin fada a 1743, an gama gangar jikin ginin a ƙarshen 1744. Da Friedrich Carl ya rasu a 1746 aka naɗa Anselm Franz von Ingelheim, wanda hankalinsa ya fi karkata ga alkimiyya da neman hanyar haɗa zinariya, ya sauke Neumann daga muƙaminsa. Bayan shekara uku Carl Philipp von Greiffenclau ya hau, ya mayar da shi. Adon ciki da lambu ba su kammala ba sai wajen 1780. An kiyasta kuɗin da ginin ya ci ya haura gulden miliyan ɗaya da rabi, a zamanin da lebura ke samun gulden ɗaya a mako. Wannan lissafi ya kamata ya zauna a ran duk mai yabon fadar. Manoman inabi da na hatsi a ƙauyukan Frankoniya ne suka biya, kuma yawancinsu ba su taɓa taka matakalar fadar ba.

Matakala da rufinta

A fadojin barok matakala ita ce dandalin siyasa. Inda mai gida zai tsaya ya tarbi baƙo, ko a ƙasa, ko a tsakiya, ko ya jira a sama, shi ke faɗa wa kowa matsayin baƙon ba tare da an furta kalma ba. Neumann ya tsara shigowar daki-daki. Keken doki mai dawakai shida yana iya shiga zauren ƙasa ya juya a ciki. Zauren nan an yi rufinsa ƙasa-ƙasa, haskensa kaɗan. Daga nan baƙo zai kama matakala guda da ke tsakiya, ya hau zuwa wani masauki, inda ta rabu biyu ta juyo baya zuwa bene. Yana hawa, rufi yana ja da baya, haske yana ƙaruwa, har ya tsinci kansa a fili mai tsayin kusan mita 23. A tsarin farko matakala biyu aka so yi, dama da hagu. Daga baya aka soke ɗaya aka faɗaɗa ɗayar.

Faɗaɗawar ce ta haifar da matsala. Filin da za a rufe ya kai faɗin mita 18 da tsawon sama da mita 30, Neumann kuma ya ƙi yarda a kafa ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Hanya mai sauƙi, wadda magina da yawa ke bi a lokacin, ita ce a rataya silin katako daga jikin rufin sama, a shafe shi da farar ƙasa ya yi kama da baka na dutse. Mai kallo daga ƙasa ba zai bambance ba. Neumann ya zaɓi ya gina baka na gaske wanda ke ɗauke da kansa. Ya sa tubali a ƙasa inda nauyi ke sauka kan bango, ya sa wani dutse mai huhu mara nauyi a sama, ya ɗaure bayan bakan da haƙarƙarin tubali. Rufin bai yi zurfi ba, kusan a shimfiɗe yake idan aka kwatanta da faɗinsa, kuma duk magini ya san baka mai kwanciya ya fi tura bango waje.

Ana ba da labari a Würzburg cewa Hildebrandt ya ce idan rufin nan ya tsaya, a rataye shi a ƙarƙashinsa, Neumann kuma ya amsa cewa a shigo da igwa a harba a ciki a gani. Labari ne na baka, amma ya nuna yadda mutanen zamanin suka ɗauki aikin a matsayin ganganci.

Rufin ya zauna fari fat na wasu shekaru. Greiffenclau ya fara ba wani mai zane daga Milan aiki a fadar, abin bai yi kyau ba, aka sallame shi. Sai ya aika Venis aka ɗauko Giovanni Battista Tiepolo, wanda babu kamarsa a zanen rufi a Turai a lokacin. Ya iso a Disamba 1750 tare da 'ya'yansa biyu, Domenico da Lorenzo. Ya fara da Zauren Sarkin Daula, wato babban zauren fadar, inda ya zana ɗaurin auren Sarki Friedrich Barbarossa da Beatrix ta Burgundi, wanda aka yi a Würzburg a 1156, da kuma tabbatar wa Bishop Herold sarautar Frankoniya a 1168. An zaɓi waɗannan labarai biyu da gangan, domin su ne hujjar da bishop ke kafawa cewa mulkinsa daga daula ya samo asali. Da mai gida ya ga aikin ya gamsu, ya ba shi rufin matakala, wanda ya zana tsakanin 1752 da 1753.

Irin wannan zane ana yin sa ne kan ɗanyen yaɓe. Kowace safiya a yaɓe iya wurin da mai zane zai gama kafin ya bushe, launi ya shiga cikin farar ƙasa su bushe tare. Don haka zanen da rufin jiki ɗaya ne. Ba a iya cire shi a naɗe a kai ma'ajiya. Idan rufi ya faɗi zane ya tafi, idan ruwa ya ratsa rufi zane ne zai fara nunawa.

Faɗin zanen ya haura murabba'in mita 600, ana kuma lissafa shi a matsayin mafi girma a duniya cikin zanen rufi da ke haɗe wuri guda. Tsakiyarsa sararin sama ne da gumakan tatsuniyar Girka, gefunansa huɗu kuma nahiyoyi huɗu ne da Turawa suka sani a lokacin, kowace a siffar mace: Amurka kan kada, Asiya kan giwa, Afirka kan raƙumi, Turai a zaune kusa da bijimi. Gwanintar Tiepolo ita ce ya gane babu inda mutum zai tsaya ya ga rufin gaba ɗaya. Sai ya zana shi don mai tafiya. Mai hawa matakalar farko Amurka ce ke gabansa. Idan ya kai masauki ya juya, Turai ta bayyana, da hoton Greiffenclau ana ɗaga shi sama. A ƙasan hoton ga Neumann da kansa cikin kakin kanar na rundunar igwa, zaune kan bututun igwa, kare a gefensa. A kusurwa kuma ga Tiepolo da ɗansa Domenico suna leƙe. Neumann ya rasu a Agusta 1753, Tiepolo ya koma Venis a Nuwamba.

Ɓangaren Afirka ya cancanci a tsaya a kansa. Mace ce baƙa, cikin ado da kwarjini, a kan raƙumi, kewaye da fatake da ƙunshin kaya da hauren giwa, ga jimina da biri, ga wani dattijo da ke wakiltar kogin Nilu. Tiepolo bai taɓa zuwa Afirka ba. Abin da ya zana shi ne abin da ɗan Venis ke gani a tashar jiragen ruwa da cikin littattafan matafiya, wato nahiya a matsayin kasuwar da kaya ke fitowa. Ya ba matar mutunci, wannan gaskiya ne, kuma fentin yana da kyau ƙwarai. Amma tsarin rufin duka yana jan ido ne zuwa Turai, inda aka tara kiɗa da zane da ilimi da addini, sauran ukun kuma aka bar su da dabbobi da haja. Mai kallo daga Afirka yana da haƙƙin ya yaba hannun mai zanen, ya kuma ƙi yarda da jerin da aka yi wa duniya a wurin.

Daren 16 ga Maris 1945

Mulkin bishop-bishop ya ƙare a 1803 lokacin sauye-sauyen zamanin Napoleon, a 1814 kuma Würzburg ta koma hannun Bavariya. Fadar ta zama ɗaya daga gidajen sarakunan Bavariya, daga baya ta zama gidan tarihi.

A Yaƙin Duniya na Biyu garin yana ƙarƙashin mulkin Nazi kamar sauran Jamus, kuma daga nan aka kwashe Yahudawan yankin sama da 2,000 zuwa sansanonin gabas, kaɗan ne suka dawo. Da daren 16 ga Maris 1945, saura 'yan makonni yaƙi ya ƙare, jiragen yaƙin Birtaniya sama da 200 suka yi wa garin ruwan bama-bamai na kusan minti 20. Sun fara da masu fasa rufi, suka biyo da masu cinna wuta. Kimanin mutum 5,000 suka mutu, kusan kashi 90 cikin 100 na tsohon gari ya ƙone. Wannan asara ta rayuka ta fi duk abin da za a faɗa game da dutse da fenti.

Fadar ta kama wuta daga sama. Kujeru da darduman bango da allunan katako masu ado an riga an kwashe da yawa daga cikinsu an ɓoye a wasu wurare. Abin da ya rage wuta ta bi shi daga rufi, ta ci silin katako, ta ci daɓen katako, hawa bayan hawa, har fikafikan ginin suka zama kwanso. A tsakiya kuwa, katakan rufi masu ci da wuta sun rufto kan bakan da Neumann ya gina, bakan ya ɗauke su. Zauren ƙasa, zauren lambu, matakala, Farin Zaure mai adon Antonio Bossi, da Zauren Sarkin Daula, duk sun tsira da zanensu. Da silin katako aka yi musu a shekarun 1740, da yau hotunan Tiepolo sai a tsofaffin hotunan kyamara. Tun ran gini, tun ran zane.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Bayan wuta ta mutu, bakan ya zauna tsirara a ƙarƙashin sama, toka da gawayi a bayansa. Duk wanda ya zauna a soron ƙasa ya san abin da ke biyo baya idan indararo ya toshe cikin damina: ruwa ya kwanta, ya jiƙa, ya sami hanya, tabo ya fito a ciki, yaɓe ya fara ɓamɓarewa. Haka ruwan bazara ya fara yi wa rufin Würzburg, a garin da mutane ke kwana a ramukan ƙarƙashin gidaje, babu katako, babu kwano, babu mota.

A watan Yuni 1945 wani ƙaramin hafsan sojan Amurka mai suna John Davis Skilton ya iso garin. Yana cikin rukunin da sojojin ƙawance suka kafa don kare gine-ginen tarihi da kayan fasaha, kafin ya shiga soja kuma ya yi aiki a babban gidan adana zane na ƙasa da ke Washinton. Ya ga cewa abin da zanen ke buƙata rufi ne, ko wane iri, kafin sanyi ya shigo. Ya yi makonni yana neman katako, har ya sami gungumomi kusa da garin Ochsenfurt, aka biyo da su ta kogin Main zuwa Heidingsfeld. Ya biya kuɗin injin yanka katako daga aljihunsa. Injiniyoyi da kafintoci da leburori Jamusawa suka kafa rufin wucin gadi kan matakala da zaurukan tsakiya, aka lulluɓe shi da takardar kwalta. Aiki ne mara kyan gani, an yi shi cikin gaggawa, kuma shi ne ya raba zanen da ruwa har aka sami halin yin rufi na dindindin. Skilton ya bar garin kafin ƙarshen shekarar. Yau akwai ɗaki a fadar da aka keɓe don tunawa da ɓarnar yaƙin da kuma aikinsa.

Abin da ya faru da cocin fada ya nuna yadda lamarin ya kusa ɓaci. Can ma bakan dutse ya tsaya, amma zanen da Johann Rudolf Byss ya yi a jikinsa ya lalace ƙwarai da zafi da danshi, sai da aka sake yin yawancinsa.

Sake gini

Hukumar kula da fadojin Bavariya ta ɗauki sama da shekara 40 tana gyara, kuɗin da aka kashe ya kai kimanin yuro miliyan 20. Ɗakunan da aka kwashe kayansu kafin harin an sake gina bangonsu aka mayar da kayan asali. A 1981 hukumar UNESCO ta sa fadar da lambunta da dandalinta cikin jerin wuraren tarihi na duniya, tun aikin bai ƙare ba.

Mafi wuya shi ne Ɗakin Madubai, wanda aka yi tsakanin 1740 da 1745. Bangonsa gilashi ne da aka yi wa zane da zinariya ta baya, an kuma manne shi da bango ta yadda da aka gwada cirewa kafin harin sai ya fashe, dole aka bar shi. Wuta ta cinye shi ƙurmus. Daga 1979 zuwa 1987 masu sana'a suka sake yin sa, suna dogara da ɗan guntun da ya tsira, da hotunan kyamara, da wani zanen ruwa na ƙarni na 19. Sai da suka sake koyon dabarar zane a bayan gilashi, wadda ta kusa ɓacewa. Akwai masana da ke ganin irin wannan aiki kwaikwayo ne kawai, bai kamata a kira shi tarihi ba. Ni ina ganin an yi daidai da aka sake yin sa, domin jerin ɗakunan sarki an tsara shi ne ya yi ta hawa a ado har ya ƙare a wannan ɗaki, in babu shi sauran ba sa ba da ma'ana. Sharaɗin shi ne a faɗa wa baƙo gaskiya, cewa gilashin da yake kallo na shekarun 1980 ne, rufin matakala kuwa shi ne ainihin wanda hannun Tiepolo ya taɓa.

Shi ma rufin bai fita lafiya lau ba. Danshin da ya sha a 1945 ya bar gishiri a cikin yaɓe, wanda ya yi ta fitowa a hankali yana cin launi. Daga 2003 zuwa 2006 aka kafa tsani a cikin matakalar aka bi zanen taki-taki, ana wanke datti, ana rage gishiri, ana manne wuraren da yaɓe ya rabu da dutse. Bayan nan aka yi wa Zauren Sarkin Daula irin wannan gyara. Kimanin ɗakuna 40 ne a buɗe ga masu ziyara a yau, wani ɓangaren ginin kuma jami'ar Würzburg ce ke amfani da shi, har da gidan tarihinta na Martin von Wagner.